Dawakai Biyar

Motar da Baba ya bar mana Toyota Corolla ce ƙirar 1999, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka. Ta gama shan yawonta a can kafin ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, aka shafa mata fenti ruwan ɗorawa a kafaɗunta huɗu kamar kowace tasi a Ghana, Baba ya ja ta har ranar da ya kwanta ciwon ajali. Da aka zauna rabon gado bayan sadakar arba'in, malamin bai daɗe da alƙalami a hannu ba, don in ka cire motar, sauran abin da ya bari ba zai cika akwati biyu ba. Kawu ya ba da shawarar kada a sayar, a bar ta a hannuna in riƙa kawo na cefane da kuɗin makaranta. Kowa ya amince. Ke nan tun farko motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Mma tana da tumuninta a ciki, ƙannena mata biyu suna da nasu kason. Na faɗi wannan da wuri ne don mai karatu ya san girman wautar da zan ba da labarinta.

Muna zaune a Alajo, a gidan haya mai ɗakuna goma sha ɗaya da famfo ɗaya, tafiyar minti uku daga bakin kogin Odaw. Nakan fita bayan sallar asuba, in tsaya wajen mai koko da ƙosai, daga nan sai Kotobabi, New Town, Nima, Circle, Kaneshie, duk inda fasinja ya nufa. Wanda ya san Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu suke kiran ta, ya san rabin ranar direba a giya ta ɗaya da ta biyu take ƙarewa. Ka saki kuloci, ka matsa taku goma, ka taka birki, mai tallan ruwan leda ta wuce ka da ƙafa, ta je ta dawo ta same ka a inda ta bar ka. A irin wannan gari na zauna na yanke cewa babbar damuwar rayuwata ita ce motata ba ta da gudu.

A daren Ƙaramar Sallah ta 2014 abin ya shiga raina. Wanda bai ga Sallah a Nima ba, ba zai gane yadda babura da motoci suke cika titi da hon da kiɗa har dare ya raba ba. Wani abokina da muke zaman majalisa ɗaya a Maamobi, inda muke dafa ataya har tsakar dare, ya fito da Honda Civic Si da yayansa ya aiko masa daga Bronx. Muka haɗu a danjar Kawokudi. Ni ina ɗauke da samarin majalisa biyu da ƙanwata a baya, wadda zan aura tana gaba, shi kuwa shi kaɗai ne. Ya leƙo ya ɗaga mini gira. Da danja ta ba mu hannu muka tashi tare, har na ɗan sha gabansa a giya ta ɗaya. Can sai muryar motarsa ta canza, kamar an cire inji an sa wani ana cikin tafiya, ta yi wata ƙara mai tsini, ta bar ni ina kallon jajayen fitilunta a titin Kanda. Samarin baya suka ƙyalƙyale da dariya. Ita ba ta yi dariya ba, ta ce don Allah in rage gudu. Dariyar ce ta bi ni gida, maganarta kuwa a titi na bar ta.

Washegari na tambaye shi sirrin, ya ɗaga bonet ya nuna mini rubutun VTEC a murfin injinsa. Kwana uku na yi ina karatu a waya, a cikin duhun dumsor, wato ɗauke wutar da ya addabi ƙasar a shekarun nan, ina cajin wayar a mota. Na gano Toyota ma tana da nata, ana ce masa VVT-i. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, injin motata, 1ZZ-FE mai lita 1.8, shi ne dai a cikin Corolla ƙirar 2000. Na 1998 da 1999 ne suka fito ba VVT-i, daga 2000 aka sa shi. Shekara ɗaya tal! Sai na ji kamar an zalunci Baba a ciniki. A nan inda na karanta wannan, an rubuta ƙarfin kowanne ɓaro-ɓaro: nawa doki 120, na shekarar 2000 doki 125. Idona ya ga lambobin, zuciyata ta tsallake su.

A lokacin kuma ina da kuɗi a hannu, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Wata goma na yi ina zubin adashi, wanda a nan ake kira susu, na kwasa ana saura mako biyu Sallah. Kuɗin lefe ne. An sa biki watan Disamba, dangin amarya sun ambaci akwati uku. Na ce wa kaina ɗan kaɗan zan taɓa, in mayar kafin kowa ya sani.

Abossey Okai ita ce kasuwar kayan mota ta Accra, unguwa guda ta ƙarfe da baƙin mai, inda ake jibge injuna kamar tulin doya. Kayan da aka yi amfani da su a ƙasar waje muna ce musu homyus, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira Beljiyam. A can na sami kamshaf na shigar iska daga injin 2001, da wani kauraren giya mai kama da gwangwanin sardin a hancinsa. Mai shagon ya naɗe mini shi a jarida. Na rungumo shi a trotro kamar jariri, na nufi wajen Masta.

Masta abokin Baba ne tun suna samari. A Suame Magazine ta Kumasi ya koyi aiki, garejinsa rumfar kwano ce a kan tudu ta wajen Kotobabi. A Ghana fita muke ce wa bakanike, amma shi kowa Masta yake ce masa, har limamin unguwa. Tun da motar ta zo ƙasar nan babu hannun da ya taɓa cikinta sai nasa. Zan rubuta maganarsa da Hausar takarda, ko da yake da Hausarmu ta Zango ya yi ta, wadda ba ruwanta da bambanta namiji da mace.

Ya warware jaridar, ya juya ƙarfen a hannu, ya ce, “Ka san aikin wannan?”

Na ce yana ƙara gudu.

Ya sa yaronsa ya kawo mini benci. Ya ce inji numfashi yake yi kamar mutum. Kowace silinda a motata tana da ƙofofi huɗu, su ne bawul, biyu na shigar iska da fetur, biyu na fitar hayaƙi. Kamshaf shi ne mai gadin ƙofofin. Sanda ce mai tozaye masu siffar ƙwai, in ta juya sai tozo ya danna bawul ya buɗe, in ya wuce sifirin ya mayar da shi. Sarƙa ce ta haɗa ta da kiranshaf da ke ƙasa, kuma duk juyi biyu na ƙasa juyi ɗaya ne a sama. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Ya ce in ƙifta ido in gani ko zan kai biyar.

Daga nan ya kawo misalin da har yau da shi nake yi wa mutane bayani. Ya ce in duba yaron trotro. Da rana tsaka, tasha ba kowa, mutum biyu sun shiga, in yana da wayo nan take zai rufe ƙofa, don in ya bar ta a buɗe wani zai gaji da jira ya sauka. Amma da yamma a Circle, jama'a na rububi, ko mota ta fara tafiya yana riƙe da ƙofar, saboda masu gudu suna ci gaba da faɗowa ciki. Iska ma haka take. In inji yana tafiya a hankali kuma bawul ya makara wajen rufewa, fistin da ya juyo sama zai turo wani abin da ya shiga ya koma waje. In kuwa inji ya ɗauki wuta, iskar tana zuwa a guje, ko fistin ya fara tasowa tana ci gaba da cusa kai, don haka jinkirin rufewa riba ne. Kamshaf irin nawa yaron mota ne mai hali ɗaya, safe da yamma lokaci guda yake rufe ƙofa, masu ƙira sun zaɓa masa tsaka-tsaki. VVT-i yaron mota ne mai duba tasha.

Ya ƙwanƙwasa gwangwanin da ke hancin ƙarfen. Ya ce a cikinsa akwai ɗakuna da fukafukai. Baƙin man inji ne yake shiga ta wannan gefe ko wancan da ƙarfi, ya murɗa sandar gaba ko baya kaɗan, kimanin digiri 40 na juyin kiranshaf, alhali sarƙa tana nan inda take. Akwai wani bawul na lantarki da yake raba man, shi kuma daga ƙwaƙwalwar mota yake karɓar umarni, wadda muke kira kantarol bod, ita ce take duba juyin inji da yawan iska da zafi ta yanke hukunci.

Sai ya ɗaga bonet ɗin motata ya ɗora yatsa a gaban kan injin. Ya ce a injin 2000 nan wurin rami ne na bawul ɗin mai, da hanyoyin mai a cikin ƙarfen. A nawa ƙarfe ne shafe.

“To wa zai shayar da shi mai? Wa zai gaya masa lokaci ya yi? Ɗana, ladan ka sayo, ba masallaci, ba agogo. Mayar musu, ko da ragi ne.”

Abin da na ce masa ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo har yau. A gaban yaransa na ce, “Masta, ku aikin kafireta kuka saba. Wannan na kwamfuta ne.”

Garejin ya yi tsit. Ya naɗe ƙarfen a jaridarsa a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Na kai motar Kokompe, wajen wani matashin fita da ya ce aikin kwana biyu ne. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, ni na je da amsar da nake so in ji, shi kuma ya ba ni ita. Kwana biyu suka wuce, ya ce sai an sayi kan inji na 2000. Na saya. Aka ce sai bawul ɗin mai. Aka ce tsohuwar ƙwaƙwalwa ba ta san da zaman bawul ɗin ba, sai sabuwa. Sabuwar ta ƙi gaisawa da tsohon wayarin. Injina yana da koyil biyu da wayoyin fulogi, na 2000 koyil huɗu ne, kowane fulogi da nasa a kansa. Nawa yana auna iska ta matsinta a bututu, wancan yana auna ta da wata sensa a bakin akwatin iska. Duk mako sai na koma Abossey Okai, har masu shagunan suka fara tashi tsaye in sun hango ni. Ranar da kaya suka cika, mai wayarin ba ya nan. Ranar da ya zo, ba wuta. Mako bakwai motar ta yi a buɗe, kaza har ƙwai ta saka a ƙarƙashinta.

Mako bakwai ba ko sidi ɗaya da ya shigo gida ta hannuna. Na ce wa Mma gyara ake yi, ba ta ce komai ba. Sai wata asuba na ji ƙamshin suya, na fito na tarar ta ciro kaskon masa da ta ajiye tun Baba yana da rai, ta kafa murhu a ƙofar gida. Ba ta dube ni ba, ta ce, “Makaranta za a koma. In ka ga motar Babanku ka gaishe ta.”

Kawu ya aiko a kira ni. Bai ɗaga murya ba, lissafi kawai ya sa na yi a gabansa, da bakina, na abin da ya rage a kuɗin lefe. Akwati ɗaya da rabi. Shi ya ɗauki goro ya je Maamobi ya roƙi a ɗaga biki. An ɗaga, amma baffan yarinyar ya ce masa a gaya mini sun ji labarin na riga na auri inji, suna taya ni murna. Ita kanta, wadda a lokacin tana koyon ɗinki a wani shago a Nima, mako biyu ba ta ɗaga wayata ba.

Da igiya muka jawo motar zuwa Kotobabi, kayan injinta a but da kujerar baya. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, Masta ya ce in tashi in kama wancan gefen buhun. Bai taɓa tayar da maganar kafireta ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya baje kayan a kan kwali ya daɗe yana kallo. Ya ce tun da na nace, hanya ɗaya ce mai hankali, kuma ita ce da tun farko ta fi araha: a sayo injin 2000 ko 2001 sukutum, da wayarinsa da ƙwaƙwalwarsa daga mota ɗaya, a ɗora. Tarkacen da na tara muka mayar da asara, Kawu ya ranta mini cikon. Kamshaf ɗin farko ne kawai aka ƙi karɓa, wai an ƙwarzane shi a Kokompe. Na so in ba da tsohon injin a rage mini kuɗi, Masta ya hana. Ya ce na Babana ne, kuma ba laifin da ya yi. Da hannunsa ya mayar masa da kansa a lokutan da ba aiki, ya toshe ƙofofinsa da tsumma, ya rataye shi da sarƙa a ƙuryar rumfa.

Kwana huɗu ya yi ya tayar da motar. Mutumin da na ce bai san kwamfuta ba, ashe yana da na'urar karanta laifin inji a cikin wata tsohuwar jakar Makka, ya fi shekara biyar yana aiki da ita.

Ranar Lahadi da sassafe na hau Motorway, titin kankaren da aka buɗe tun zamanin Nkrumah a 1965, kilomita 19 daga Accra zuwa Tema, shi ne wuri ɗaya da direban garin nan zai iya ganin giya ta biyar ta daɗe. Na biya kuɗin ƙofa, na take totur. Allura ta hau 3,000, ta hau 4,000, ta wuce 5,000. Ina jiran muryar nan ta canza. Har na kai Ashaiman ba abin da ya canza. Motar ta tafi sumul, ta ɗan fi da kuzari, shi ke nan. Na tsaya a gefen titi na kashe ta, na zauna ina jin ƙarfe yana huce zafi.

Sai daga baya na fahimci abubuwa biyu na haɗa a kaina. Dabarar sauya lokacin bawul ta daɗe, kamfanin Alfa Romeo na Italiya ya fara sa ta a motar kasuwa tun 1980, BMW ta fito da nata a 1992, Toyota ta kawo VVT-i a tsakiyar shekarun 1990. Duk waɗannan matsar da lokaci suke yi, ƙofa ta buɗe da wuri ta rufe da wuri, ko ta buɗe a makare ta rufe a makare, amma faɗin buɗewar da tsawonta suna nan yadda suke. Kuma a VVT-i a hankali ake matsarwa, ba yadda za a yi direba ya ji wani tsalle. VTEC da Honda ta fito da shi a 1989 wani abu ne daban. A kan sandarsa akwai ƙarin tozo babba da yake zaman jira, in juyi ya kusa 6,000 a irin motar abokina sai man inji ya tura wani ƙaramin fil ya kulle, babban tozon ya karɓi aiki, ƙofa ta wangale ta kuma daɗe a buɗe. Wannan ce ƙarar da na ji a titin Kanda. Toyota tana da irinsa, VVTL-i, a injin 2ZZ-GE da ta yi tare da Yamaha, wanda ke cikin Celica da Corolla XRS. Harafi ɗaya ne tsakaninsa da nawa, kuma a harafin nan duk abin da nake nema yake. Na gode Allah da ban san da shi ba a lokacin da kuɗin adashi yake hannuna.

Ba zan ce ban sami komai ba, don zai zama ƙarya. Motar ta fi natsuwa a silo, ta daina karkarwar da take yi a cunkoso. In na ɗauki shata zuwa Aburi da mutum huɗu da kaya, hawan nan daga Ayi Mensah zuwa Peduase da nake yi ina sauka giya ta biyu, sai na ga ta uku tana riƙewa a wurare da yawa. Fetur ma ya ɗan ƙara auki, ba mai yawa ba, amma direban tasi yana jin bambancin rabin galan a aljihunsa. Wato abin an yi shi ne don irin tuƙin da nake yi kullum, na tashi da tsayawa da hawan tudu da kaya, wanda ni kuma ban ɗauke shi a bakin komai ba. In mutum zai sayi mota, ya sami mai VVT-i, ya saya. In injinsa ya mutu zai canza, ya ɗora mai shi. Amma a kwance lafiyayyen inji saboda doki biyar, a motar da take ciyar da mutum huɗu, wannan ko maƙiyina ba zan ba shi shawarar ba.

Sabon injin ya zo da sharaɗinsa. Direbobin Accra mun taso da imanin cewa ƙasa mai zafi sai baƙin mai mai kauri, lamba 40 ko 20W-50, kuma sai ya koma kamar kwalta ake juye shi. Wasu a bakin titi suke saya, a galan da ba a san asalinsa ba. Tsohon injina ya jure wannan shekara da shekaru. Masta ya ce wannan ba zai jure ba, don a nan mai ba shafawa kawai yake yi ba, shi ne hannun da yake murɗa kamshaf. Ya nuna mini 5W-30 da kamfani ya rubuta, ya kuma kwance wani noti a gefen kan injin ya zaro wata 'yar rariya da ba ta kai ɗan yatsa ba. Duk man da zai je wa gwangwanin nan ta cikinta yake bi. In ta toshe, gwangwanin ya daina jin umarni, fitilar inji ta kama, na'ura ta nuna P1349, mota ta yi nauyi. Ya ƙara da cewa injunan 1ZZ na waɗannan shekarun an san su da shan mai ta ringi, don haka kowace safiya in zaro sandar awo kafin in sha koko. Na bi wannan kamar wuridi.

Wata bakwai na more ta. Ranar Laraba 3 ga Yuni 2015 aka wuni ana ruwa, da dare ya ƙaru. Na dawo da wuri na ajiye motar a ƙofar gida, a inda Baba yake ajiye ta. Mutanen Alajo mun saba da Odaw, kowa ya san iyakar da yake kaiwa a bangonsa. A daren nan ya wuce iyakar kowa. Muka ɗora Mma da yara a kan rufin makwabta mai bene, muna jin ihu daga ko'ina cikin duhu. Can wajen Circle sama ta yi ja. Sai da gari ya waye muka ji cewa gidan man da mutane suka fake a cikinsa ne ya kama da wuta, fetur ya bi saman ruwa. Sama da mutum 150 suka rasu, Shugaba John Mahama ya sa aka yi makoki na kwana uku. A cikinsu akwai direbobin da muke layi ɗaya da su a Circle. A irin wannan rana mutum yana jin kunyar ya yi maganar mota.

Amma ita ce abincin gidanmu, don haka da ruwa ya janye na je na buɗe ta. Laka har kan kujeru, alamar ruwa a tsakiyar sitiyari. Na sa makulli zan murɗa, sai na ji an riƙe mini hannu ta taga. Masta ne, wandonsa naɗe har gwiwa, ya tako tun daga Kotobabi cikin taɓo don ya duba iyalin abokinsa. Ya zare makullin ya sa a aljihunsa. Ya ce ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in yana cikin silinda na tayar, sandar fistin za ta lanƙwashe. A safiyar nan injuna da yawa a Alajo da Avenor ba ruwan ne ya kashe su ba, masu su ne da makulli.

Muka tura ta tudu. Ya cire fulogi huɗun, ya juya injin da hannu, ruwa ya yi tsartuwa daga silinda biyu. Man da ya fito daga ƙasa fari-fari ne kamar kokon da aka zuba wa madara. Sau uku muka zuba sabo muka juye, har da na giya. 'Yar rariyar nan ya zaro ta cike da laka, ya wanke ta da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya ɗaga ta a rana yana leƙawa. Injin ya tsira. Ƙwaƙwalwar ce ta tafi, don a wannan ƙirar a ƙasan rediyo take, kusa da daɓen mota, ta kwana a cikin ruwa.

Ba ni da ko sisi na sayen wata. Masta ya nuna ƙuryar rumfa da haɓa. A makon nan masu neman inji sun fi injunan da ke Abossey Okai yawa, wani direba daga Avenor da ya murɗa makullinsa ya zo ya sayi na Baba da daraja, bai ko yi ciniki sosai ba. Ban ji daɗin karɓar kuɗin ba, na san asararsa ce ta zama mafitata, sai da Masta ya ce shi zai ɗora masa kyauta sannan na iya ƙirgawa. Kafin in taɓa ko sidi ɗaya Kawu ya zo ya zauna, aka fitar wa Mma da ƙannena haƙƙinsu, don injin gado ne. Mma ta karɓi nata ta ƙirga, ta ƙulle a bakin zani, da dare ta aiko ƙanwata da shi ta ce a sayi ƙwaƙwalwar.

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah ta shekarar, da akwati biyu. Dangin amarya suka ce ambaliya ta shafi kowa, ba su ƙirga ba, ko kuma sun ƙirga sun yi shiru. Abokina mai Civic shi ya ɗauko amarya, a hankali, cikin jerin gwano, bai ko kai juyi 2,000 ba.

Kwana uku da tarewa tana share ɗaki, tsintsiya ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Ta jawo shi, naɗe a tsohuwar jarida da ta sha ruwa ta bushe, ta warware ta ga sandar ƙarfe mai tozaye da gwangwani a hanci, tsatsa ta fara cin ta. Ta ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Akwatinki na uku ne.”

Ta ɗaga shi da hannu biyu ta jinjina nauyinsa. Sannan ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta, ta auna shi daga kai zuwa gindi, ta ce ko ɗankwali ba zai fitar ba, in kai shi bakin ƙofa ya riƙa tare mata labule.